Idan an ce babu cibiya, wa ke riƙe da rajistar?

Injiniya_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya shige mini duhu a tsarin shaidar mutum ta dijital wanda ake cewa ba shi da cibiya, wato DID da takardun shaida masu sa hannun lantarki. Ana cewa kowa ne ke ƙirƙirar lambar shaidarsa, babu hukumar da za ta ba shi ko ta ƙwace. To amma W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, na da rajistar hanyoyin DID, wato nau'o'in ƙirƙirar lambar da karanta ta, Turai na da jerin amintattu, GLEIF mai kula da lambobin shaidar kamfanoni na da nata. Idan babu mai iko, rajista ta mece ce? A ɗauki misali: asibiti a Jidda ya karɓi takardar kammala karatun jinya daga wata makaranta a Kano, a waya, da sa hannun lantarki. Me zai duba kafin ya ce ya yarda?

UmmuHafsa_Riyad:
Wa alaikumus salam Injiniya. Kalmar rajista ce ke rikita mutane, domin abu uku ake kira da ita kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai rajistar W3C. Ita sunayen hanyoyi kawai take tarawa: did:web, did:key, did:ion, did:ethr, did:ebsi da sauransu, sun haura 100. Amfaninta kada mutum biyu su ɗauki suna ɗaya su ba shi ma'ana biyu. Mai son shiga yana rubuta bayanin hanyarsa, yadda ake ƙirƙira, karantawa, sabuntawa da kashe lamba, da sashen tsaro da na sirri, ya tura ta GitHub, editoci su duba ko sharuɗɗan sun cika. Ba sa gwada ko hanyar na da inganci, kuma shiga jerin ba ya nufin W3C ta sa mata albarka.

Sai wurin da ake ajiye takardar DID ɗin kanta, mai ɗauke da mabuɗan fili, waɗanda ake duba sa hannu da su. Yana iya zama bulokcen, wato kundin da na'urori da yawa ke riƙe da kwafinsa kuma ba a goge abin da aka rubuta a ciki, yana iya zama saba ta gidan yanar gizo. Wannan yana amsa tambaya ɗaya tak: wane mabuɗi ne na wannan lamba.

Na ukun shi ne wanda asibitin ke buƙata, kuma shi ne ƙa'idar DID ba ta tanada ba: jerin da ke cewa wannan lamba ta makaranta kaza ce, kuma an ba ta izinin ba da takardar jinya daga shekara kaza zuwa kaza. Wannan dole wani mai suna da adireshi ya riƙe shi.

Dan_Misfala:
To Ummu Hafsa idan haka ne an gudu ba a tsira ba kenan.

UmmuHafsa_Riyad:
An tsira daga abu ɗaya, ɗan'uwa. Asibitin ba sai ya kira makarantar duk lokacin da aka kawo takarda ba, kuma makarantar ba ta san inda ɗalibarta ta kai takardar ba. Amma daga neman wanda zai tsaya wa makarantar, ba a tsira ba, kuma ba za a tsira ba.

AbuYasir_Dammam:
Bari in jera wa Injiniya abin da manhajar asibitin za ta yi, domin a nan ake gane inda ikon ya ɓuya.

Za ta buɗe takardar ta ɗauko lambar mai bayarwa. A ce did:web ce. Dokar hanyar ita ce a mayar da lambar adireshin yanar gizo: sunan domen, sai /.well-known/did.json. Idan akwai ƙarin sassa bayan domen, kowane ɗigo biyu ya zama karan tsaye mai karkata, a ƙare da did.json. Idan akwai lambar tasha, ana rubuta ɗigo biyun nata %3A, kuma mantawa da wannan na cikin kurakuran da suka fi yawa. Za ta sauko da fayil ɗin ta HTTPS, ta tabbatar id da ke ciki ya yi daidai da lambar da aka nema harafi da harafi. Sannan ta nemo mabuɗin da aka sa hannu da shi, ta tabbatar yana ƙarƙashin assertionMethod, sashen mabuɗan da aka ba izinin sa hannu a takarda. Mabuɗin da ke ƙarƙashin authentication kaɗai, wato sashen nuna cewa kai ne mai lambar, ba shi da hurumin sa hannu a takarda, amma manhajoji da yawa ba sa duba wannan, da zarar lissafin ya fita sai su nuna kore. Daga nan ta duba ranar farawa da ranar ƙarewa, ta duba ko an soke, ta sa mai riƙe da takardar ya sa hannu a kan wata lamba ta sau ɗaya don kada a kawo kwafin wani.

Yanzu ku ƙirga waɗanda aka dogara da su ba tare da an ambace su ba: mai rajistar domen, tsarin DNS, kamfanin da ya ba da satifiket ɗin TLS na tsaron gidan yanar gizon, da jerin tushen amana da ke cikin na'urar. Huɗu kenan, kuma har yanzu ba mu san ko makarantar ta gaske ce ba. Kowa na iya sayen domen mai kama da sunanta da riyal kaɗan ya ɗora did.json cikin minti 10, duk matakan nan su wuce lafiya ƙalau.

Injiniya_Jidda:
Malam Abu Yasir, wannan na ƙarshen shi ne ainihin damuwata. Kore a allo, takarda ta bogi.

Bagadarife:
Shi ya sa nake ganin did:web koma-baya ce. A ɗora a bulokcen, babu domen da zai mutu, babu mai gogewa. Microsoft ma ION take amfani da shi, hanyar DID da ke kan Bitcoin.

AbuYasir_Dammam:
Gyara kaɗan, ɗan'uwa Bagadarife. Microsoft ta gina ION, gaskiya ne, amma manhajarta ta ba da takardun shaida, Entra Verified ID, ta bar did:ion ta tsaya a did:web. Kuma bulokcen ba ya taɓa matsalar da Injiniya ya kawo. Mai takardar bogi shi ma yana iya rubuta lambarsa a bulokcen, ta zauna daram kamar ta kowa. Abin da bulokcen ke bayarwa shi ne tarihin mabuɗi da ba a gogewa. Wannan abu ne mai daraja, amma ba shaidar halin mai mabuɗin ba ce.

Sannan ka duba Sovrin. Kundi ne da aka gina musamman don shaida, a kan Hyperledger Indy, da amintattun masu riƙe da na'urori da dokokin wanda aka yarda ya rubuta. Gidauniyar da ke kula da shi ta sanar da rufe babban kundin, aka rufe a 2025. Duk wanda ya dogara da did:sov ba tare da ya tanadi hanyar ƙaura ba, dole ya sake fitar da takardunsa. Kundi ma yana buƙatar mai biyan kuɗin wuta.

MalamSani_Madina:
Jama'a, wannan bahasi malaman hadisi sun daɗe da yin sa. Sa hannun lantarki yana tabbatar da haɗuwar isnadi: wane ya karɓa daga wane, ba a canja lafazi a hanya ba. Amma haɗuwar isnadi ita kaɗai ba ta inganta hadisi. Sai an koma kan mazajen: adalin ne, mai kiyayewa ne? Wannan shi ne jarhu da ta'adili, kuma shi ne rajista ta ukun da Ummu Hafsa ta faɗa. Abin lura a nan, babu ofishi guda da ya riƙe wannan hukunci. Yahaya bin Ma'in yana da nasa ra'ayi kan mai ruwaya, Imamu Ahmad yana da nasa, wani lokaci su saɓa, mai nazari ya san wanda ke tsanantawa da mai sassauci ya auna. Har ma sukan ce wane amintacce ne a abin da ya ruwaito daga mutanen garinsa, mai rauni a waninsu, ko a karɓi abin da ya faɗa kafin ƙwaƙwalwarsa ta rikice a bar na bayan nan. Amana ce mai iyaka ta fanni da ta lokaci. A ganina rashin cibiya na gaskiya shi ne wannan: rajistoci da yawa, kowace da mai ita a fili, mai tantancewa ya zaɓi wadda zai bi kuma ya ɗauki alhakin zaɓinsa.

UmmuHafsa_Riyad:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Iyakar fanni da lokacin nan ita ce daidai abin da ka'idar tambayar rajista ta Trust over IP, wadda ake kira TRQP, ke tambaya: shin wane yana da izinin yin abu kaza, ƙarƙashin hukuma kaza, a lokaci kaza? Rajistar da ke amsa e ko a'a kawai ba tare da kwanan wata ba, matsala ce. Makarantar da aka janye wa izini a 2023, takardar da ta bayar a 2019 tana nan da ingancinta. Idan rajistar ta goge sunan kawai, an zalunci ɗaliban baya. Idan ta bar shi, an buɗe ƙofa ga na gaba.

Takaruni_77:
Ni dai ban ga abin da ya kawo duk wannan wahala a Saudiyya ba. Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, na aiki. Ka sa lambar iƙama, lamba mai alƙaluma biyu ta fito a allo, ka zaɓe ta a waya, an gama. Absher da Tawakkalna suna nuna katin dijital. Cibiya ɗaya, kowa ya san wanda zai kama idan an samu matsala.

Hajiya_Aziziyya:
Gaskiyarka a cikin gida, Takaruni. Nafath yana amsa wane ne kai, domin bayanan suna hannun gwamnati tun farko. Amma ba shi da abin cewa kan takardar da aka bayar a Kano ko Wad Madani ko Yamai. Shi ya sa har yau ma'aikacin lafiya da zai yi rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya sai ya bi ta kamfanin tantance takardu na DataFlow, su tuntuɓi makarantar da ta ba da takardar kai tsaye, a jira makonni, a biya kuɗi. Gurbin da ake son cikewa kenan: tsakanin ƙasa da ƙasa, inda babu cibiya ɗaya da kowa zai miƙa wa wuya.

Kuma akwai misali a ƙofar gidanmu. Katin lafiyar alhazai da Saudiyya ta gwada tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a hajjin 2024, alhazai sama da 250,000 daga Indonesiya, Malesiya da Oman. An gina shi a kan hanyar amana da hukumar ta gada daga tsarin takardar korona ta Tarayyar Turai a 2023. Hukumar ba ta ajiye bayanan alhaji ko ɗaya. Abin da take riƙewa jerin mabuɗan fili ne na ma'aikatun lafiya. Kowace ƙasa ita ke sa hannu a katin mutanenta, likita a Mina ya duba sa hannun da mabuɗin da ke cikin jerin. Bayanai a warwatse, jerin mabuɗai a wuri ɗaya.

AbuYasir_Dammam:
Fasfon da ke aljihun kowannenmu ma haka yake aiki, tun kafin a san DID. Kowace ƙasa tana da tushenta, wato babban mabuɗin ƙasar da ake kira CSCA. Tushen yana sa hannu ga mabuɗan da ke sa hannu a fasfo, su kuma su sa hannu a kan bayanan da ke cikin ƙwayar. ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ke Montreal, tana riƙe da ma'ajiyar mabuɗai ta PKD don musaya, Najeriya na cikinta. Amma ICAO ba ta umartar jami'in filin jirgin Jidda ya yarda da ƙasa kaza. Kowace ƙasa ita ke yanke tushen da za ta loda a na'urorinta. Inda ake samun tangarɗa shi ne ƙasa ta sauya tushe, sabon bai kai ga wasu iyakoki ba, fasfo na gaske ya ƙi tabbatuwa a ƙofar lantarki a tura mutum layin hannu.

Dan_Misfala:
Tambaya a gefe. Na ji an ce manyan kamfanoni sun ƙi amincewa da DID a W3C. Mene ne dalili?

UmmuHafsa_Riyad:
Google da Mozilla sun shigar da ƙin amincewa a hukumance. Babbar hujjarsu tana da alaƙa da zancenmu: ƙa'idar ta tsara siffar lamba da ta takarda, amma ba ta daidaita ko hanya ɗaya ba, ta bar su a rajistar da ke ta kumbura. Manhaja biyu na iya cewa duk suna bin ƙa'ida amma ba sa fahimtar juna, domin wannan did:ethr ta sani, waccan did:web. An kuma yi maganar wutar da wasu bulokcen ke ci. Ba a karɓi ƙin amincewar ba, DID 1.0 ta zama ƙa'ida ranar 19 ga Yuli 2022. Amma ƙorafin bai mutu ba. A aikace duk wanda ya gina tsari sai ya rubuta nasa jerin hanyoyi biyu ko uku da yake karɓa, ya ƙi sauran.

Wasu suna gujewa wannan aikin ta hanyar tura kowace lamba zuwa Universal Resolver na gidauniyar DIF, saba da ke buɗe a intanet mai nemo takardar DID ta lambar da aka ba ta. Wannan na gwaji ne. Wanda ya dogara da shi ya miƙa duk amanarsa ga sabar wani, duk mabuɗin da ta mayar masa shi zai karɓa, kuma ta ga kowace lamba da ya tambaya. A ɗora nasa a cikin gida, da hanyoyin da ake buƙata kawai.

MaiWurno_83:
Ina so a waiwayi Sudan, domin duk bayanin nan yana ɗauka cewa mai rajistar na nan a ofishinsa. Tun 15 ga Afrilu 2023 ma'aikatu da jami'o'in Khartum suka tarwatse, aikin gwamnati ya koma Port Sudan, a Fabrairun 2024 kuma hanyoyin sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Ɗalibi ya iso Jidda ko Alƙahira, jami'arsa ba ta ɗaukar waya. A irin wannan hali takarda mai sa hannu a wayarsa alheri ce, amma fa sai idan mabuɗin jami'ar yana wani wurin da bai faɗi tare da ita ba. Da did:web, saba ta mutu, takardun duka sun mutu. Mafi muni, domen ya ƙare ba a sabunta ba, wani ya saya, ya ɗora nasa did.json. Daga ranar shi ne jami'ar a idon manhaja.

Bagadarife:
To ai shi ne maganata ta ɗazu. Kun ce bulokcen ba ya magani, ga shi Mai Wurno ya nuna inda yake magani.

AbuYasir_Dammam:
A wannan gaɓar kana da gaskiya, ban musa ba. Amma akwai hanyar da ba ta buƙatar bulokcen. did:webvh, wadda a da ake kira did:tdw, tana ajiye kundin tarihi a fayil ɗin did.jsonl, kowane layi ɗaure da na gabansa, kuma a cikin lambar kanta akwai wani sashe da aka lissafo daga layin farko. Wanda ya sayi domen ba zai iya ƙirƙiro tarihin da zai dace da wannan sashe ba. Ana kuma iya ɗaure zanen mabuɗi na gaba, wato gajeriyar lambar da aka lissafo daga gare shi, tun kafin a buƙace shi, ta yadda ko an sace mabuɗin yau ɓarawon ba zai iya naɗa magaji ba. Kundin kuma ana iya ajiye kwafinsa a wurare da yawa.

Kuma ko da wace hanya, rajistar amana ta ajiye mabuɗin ko zanensa tare da kwanan wata, ba lambar kaɗai ba. Idan ta ajiye lamba kawai, ta gaji duk raunin hanyar.

Hajiya_Aziziyya:
Ku ƙara da maganar sokewa, ita ma rajista ce da ake mantawa. A ƙa'idar Bitstring Status List, mai bayarwa yana wallafa jerin sifili da ɗaya, mafi ƙarancinsa gurbi 131,072, wato kilobait 16 kafin a matse. Kowace takarda na da lambar gurbinta. Mai tantancewa yana sauko da jerin gaba ɗaya, don haka mai bayarwa bai san wa ake dubawa ba. Abubuwan da ke lalacewa: a raba gurabe a jere, sai lambar gurbi ta tona lokacin da aka ba mutum takarda. A yi wa kowane ɗalibi jerinsa daban, sai sirrin ya tafi gaba ɗaya. Ko makaranta mai ɗalibai 300 ta ɗauka girman jerin ya ɓoye su, alhali 300 ɗin ne dai.

Sai irin tambayar Mai Wurno: idan jerin ya ƙi saukowa fa? A karɓa ko a ƙi? Ƙa'ida ba za ta yanke maka ba. Dole a rubuta a dokar tsarin: kwafin da aka ajiye yana aiki har kwana nawa, bayan nan a nuna rawaya, ba ja ba, a tura ga mutum ya duba. Manhajar da ke nuna ja ɗaya ga takardar da aka soke da wadda aka kasa dubawa tana cutar da mutanen da suka fi kowa buƙatar a saurare su.

MalamSani_Madina:
Wanda ba a san halinsa ba daban, wanda aka tabbatar da ƙaryarsa daban. Malamai ba su taɓa haɗa su a hukunci ɗaya ba.

Dan_Misfala:
Akwai kuma waɗanda ba su da takarda ko ɗaya tun asali, an haife su nan Makka iyayensu ba su da iƙama. Ana tallata DID kamar zai ba su shaida.

UmmuHafsa_Riyad:
Ba zai ba su ba, kuma bai kamata a sa musu rai da abin da babu ba. did:key ana ƙirƙirarta a waya cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da intanet ba, idan mabuɗin nau'in Ed25519 ne za ka ga ta fara da z6Mk. Amma lamba ce da babu wanda ya ce komai a kanta, ba a sabunta mabuɗinta, ba a kashe ta. Abin da suka rasa hukumar da za ta rubuta sunansu ce, ofishin jakadanci ko rajistar haihuwa. Wannan aikin doka ne da siyasa.

Takaruni_77:
Kun dawo kan maganata kenan. Gwamnati ce dai tushe. Turai ma da dokarta ta 2024/1183, wadda ta wajabta wa ƙasashenta samar da jakar shaida ta waya, a kan jerin amintattu na gwamnatoci ta dogara.

AbuYasir_Dammam:
A shaidar ɗan ƙasa, e. A sauran ba lallai ba. GLEIF gidauniya ce a Basel, ita ce tushen vLEI, shaidar dijital ta kamfanoni: tana tantance masu bayarwa, su ba kamfani shaida a kan lambarsa ta LEI mai haruffa 20, kamfanin ya ba jami'ansa ta muƙami. A yanar gizo kuwa masu burauza ne ke riƙe da jerin kamfanonin da ke ba da satifiket, kuma suna cire mai laifi: DigiNotar a 2011, Symantec a 2018, Entrust a 2024. Tambayar da za a yi wa kowace rajista ita ce wa ke shigarwa, da wane sharaɗi, wa ke cirewa, ina ake ɗaukaka ƙara, kuma shin kowane canji yana barin sawu da na waje zai iya gani.

Injiniya_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Idan na fahimta, a misalin da na kawo, hukumar da ke ba makarantun jinya izini a Najeriya ita ce za ta wallafa jerin makarantu da mabuɗansu da kwanakin izini, ta sa masa hannu, hukumar nan Saudiyya kuma ta karɓi mabuɗin waccan hukumar ta hanyar da ba intanet kaɗai ba, kamar yadda ake yi da tushen fasfo. Abin da ban gane ba shi ne wa zai riƙe jerin hukumomin su kansu. Ƙasashen da ke turo ma'aikata Saudiyya suna da yawa, kowace da hukumar jinya, ta likitoci, ta injiniyoyi.

Hajiya_Aziziyya:
A lafiya akwai hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya da za a iya faɗaɗawa. A ilimi da sana'a sai dai yarjejeniya tsakanin ƙasa biyu-biyu, ko ƙasashen Gulf su haɗa jeri ɗaya.

MaiWurno_83:
Duk wanda zai riƙe shi, a rubuta tun ranar farko abin da za a yi idan hukumar wata ƙasa ta daina amsawa, ko aka wayi gari ɓangare biyu kowanne na cewa shi ne hukumar. Wane mabuɗi za a ci gaba da karɓa, na takardun da aka sa wa hannu kafin wace rana, kuma wa zai sa wannan ranar? Malam Abu Yasir, a tsarin fasfo yaya ake yi da irin wannan?